Tiyatar karkataccen wuya ga yaron da ya girma da shi: me ake samu, me ba a samu

Yaron da aka haifa da karkataccen wuya, aka bar shi har ya kai shekara 8, 12 ko 16, tiyata za ta yi masa amfani ko lokaci ya ƙure? Za ta yi. Kai yana miƙewa, waiwaye yana dawowa, ciwon wuya da na kafaɗa yana raguwa. Abin da wuƙa ba ta iya yi shi ne mayar da ƙashin fuskar da ya riga ya girma a karkace. Kuma ingancin aikin ya rataya ne a kan abu uku: binciken da aka yi kafin a shiga ɗakin tiyata, yadda aka saki tsokar, da watanni uku zuwa shida na sa kwala mai riƙe wuya da yin gashi, wato motsa wuya da miƙar da tsoka, bayan an fito. Da waɗannan ukun muka auna aikin kamar yadda ake yinsa a asibitocin ƙashi da na koyarwa.

A kowane gefe na wuya akwai wata doguwar tsoka da likitoci ke taƙaita sunanta da SCM. A ƙasa kai biyu gare ta, ɗaya ya kama saman ƙashin ƙirji, ɗaya ya kama ƙashin da ya miƙe daga ƙirji zuwa kafaɗa, wanda za mu kira ƙashin wuya. A sama kuma ta kama tudun ƙashin bayan kunne. A wannan lalura naman tsokar gefe ɗaya ne yake rikiɗewa ya zama tauri irin na tabo, sai yaro ya yi ta girma ita kuwa ba ta ƙara tsawo yadda ya kamata. Idan ta dama ce ta kamu, kunnen dama zai sunkuya wajen kafaɗar dama, haɓa ta kalli hagu. An fi ganin abin ga ɗan fari, da jaririn da ya zo a zaune, da wanda aka sha doguwar naƙuda kafin a haife shi. Iyaye mata da yawa suna tuna wani ƙullutu mai tauri da ya fito a wuyan jaririn tsakanin mako 2 zuwa 4, ya ɓace da kansa kafin wata 8. Ɓacewar nan ce take yaudarar mutane, a ɗauka an warke, alhali gajartar tsokar tana nan.

Da an kama shi da wuri, da wuya a kai ga wuƙa. A wani bincike da aka buga a 2001 kan jarirai 821 a Hong Kong, miƙar da tsoka da hannu ta wadatar ga fiye da kashi 90 cikin ɗari. Lokacin da ya fi dacewa da tiyata, idan gashi ya gaza, shi ne tsakanin shekara 1 zuwa 4. Amma a ƙasar Hausa yara da yawa ba sa zuwa a wannan lokacin. Wasu an kai su wajen mai ɗori an murɗa, wasu wanzami ya yi musu tsaga, wasu an ce iska ce ko kwanciyar goyo, zai miƙe in ya girma. Yarinya kuma hijabi ya rufe wuyan, sai maganar aure ta matso hankalin gida ya tashi. Waɗannan su ne masu zuwa a makare, kuma a kansu muke magana.

Akwai gwajin da kowane gida zai iya yi ba tare da kayan aiki ba. A lura da yaron wajen sallame salla. Mai gajeriyar tsokar dama, in zai waiwaya dama, ba wuyansa ne ke juyawa ba, kafaɗa da ƙirji ne suke tafiya gaba ɗaya. In aka dafa kafaɗarsa aka ce ya waiwaya, sai tsokar ta taso ƙarƙashin fata, a miƙe kamar tsirkiyar baka, daga bayan kunne har ƙashin wuya.

Abin da ya wajaba a yi kafin a sa rana

Nan ne muke fara raba asibitin da ya san aikin da wanda bai sani ba. Ba kowane karkataccen wuya ne na tsoka ba, kuma yanka tsoka a wuyan da matsalarsa ta ƙashi ce ɓarna ce tsagwaronta. Dole a ɗauki hoton jerin ƙasusuwan bayan wuya ta gaba, ta gefe, da wanda ake ɗauka baki a buɗe don a ga ƙashi na farko da na biyu. Ana neman ƙasusuwan da suka manne da juna tun haihuwa, ko rabin ƙashi, ko gocewar na farko a kan na biyu. In hoton bai fito sarai ba, a yi sitisikan, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi dalla-dalla. Karkacewar da ta zo daga baya, da zafi, da zazzaɓi ko rama, wata magana ce daban: a ƙasarmu tarin fuka na ƙashin baya yana nan, haka kumburin kaluluwa da ciwon maƙogwaro mai sassauta haɗin ƙasusuwan bayan wuya. Yaron da ke ciwon kai da amai da tangaɗi kuwa hoton ƙwaƙwalwa yake buƙata, ba likitan ƙashi ba.

Sai ido. Wani yaron yana karkata kai ne don wata tsokar idonsa ta yi rauni, da karkatawar yake hana kansa ganin abu biyu-biyu. Alamarsa ita ce wuyan yana juyuwa ko'ina in an juya shi da hannu, babu tsoka mai tauri, kuma in aka rufe ido ɗaya kan yakan miƙe. Asibitin da ya tura yaro wajen likitan ido kafin tiyata ya yi daidai, ko da iyaye sun ga kamar ɓata lokaci ne.

Ya kamata kuma a auna, a rubuta. Lafiyayyen yaro yana waiwayawa digiri 80 zuwa 90 kowane gefe. Bambancin da ya haura digiri 15 tsakanin gefen biyu, tare da tsoka mai tauri da gashi bai sassauta ba, shi ne dalilin tiyata da aka saba bi. A ɗauki hoton fuska ta gaba da ta baya, kafaɗu a buɗe. Wannan hoton yana da amfani ƙwarai, domin bayan wata shida kowa ya manta yadda yaron yake a da, sai a koma kallon abin da ya rage kawai. Gwajin jini kuwa ba a tsallake shi: yawan jini, zazzaɓin cizon sauro in akwai alama, da jinotayif, domin mai sikila yana buƙatar shiri na musamman kafin a sa shi barci. Ranar aiki a daina cin abinci awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla awa 2.

Yadda ake aikin

Barci ake sa yaron gaba ɗaya, da bututun numfashi. Ana kwantar da shi rigingine, a sa matashi ƙarƙashin kafaɗu, a juya kan yadda tsokar za ta ɗame ta fito fili. Yankan ƙasa santimita 3 zuwa 5 ne, a cikin layin fatar wuya, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuya. Wurin yankan ba ƙaramin abu ba ne. In aka yi shi a kan ƙashin kansa, tabon yana faɗaɗa ya yi muni, domin fatar wurin kullum a ja take.

Daga nan hanya ta rabu. Mafi sauƙi ita ce sakin ƙasa kawai: a ware kawunan tsokar biyu, a zura ƙarfe ƙarƙashinsu don kare manyan jijiyoyin jinin da ke kwance a bayansu, a yanke, a cire santimita 1 zuwa 2 don kada bakunan su sake haɗewa. Wannan ya wadatar ga ƙananan yara da masu karkacewa mara tsanani. Ta biyu ita ce sakin sama da ƙasa, inda ake ƙara wani yanka na kamar santimita 2 a bayan kunne, a ɓamɓare tsokar daga ƙashin. Ta uku ita ce gyaran da wani likita mai suna Ferkel da abokan aikinsa suka bayyana a 1983: a saki sama, a yanke kan da ke ƙashin wuya, shi kuwa kan ƙashin ƙirji a yi masa yanka mai siffar Z a tsawaita shi a ɗinke. Amfanin wannan shi ne wuyan yana riƙe siffarsa ta V da ake gani a gaban maƙogwaro. In an yanke kawunan biyu an bar su, gefe ɗaya yakan shafe, kuma ga siririyar budurwa wannan yana fitowa fili. Illarsa kuma, in an ɗinke shi da ɗan tauri, an bar wa karkacewar hanyar dawowa.

Wacce ta fi? Wani nazari da aka buga a 2015, wanda ya tattara rahotannin tiyatar waɗanda suka zo a makare, ya samu nasara wajen kashi 80 cikin ɗari, bai kuma ga wani babban bambanci tsakanin sakin ƙasa kawai da sakin sama da ƙasa ba. Ra'ayinmu shi ne a kan teburi ake yanke hukuncin. A fara da ƙasa, sannan mai sa barci ya riƙe bututu, a juya haɓa har ta kai kafaɗar gefen da ya kamu, a kwantar da kunne wajen ɗaya kafaɗar. In ya tafi ba tare da turjiya ba, an gama. In akwai sauran ja, a hau sama. Ga yaron da ya haura shekara 6 zuwa 8 da karkacewa mai tsanani, galibi sai an hau. Don haka iyaye su sa hannu a takardar da ta ambaci yanka biyu tun farko, kada a farka a ga na bayan kunne a ce ba a yi da su ba.

Akwai wani abu da ya fi sunan hanyar muhimmanci. A wuyan da ya shekara goma a karkace, ba tsokar kaɗai ce ta gajarta ba. Siririyar tsokar da ke ƙarƙashin fata, da fatar ciki da ta naɗe tsokokin wuya, wani lokaci har rigar da ta lulluɓe manyan jijiyoyin jini, duk sun tsuke. Likitan da ya yanke tsoka ya rufe, bai sa yatsa ya lalubo waɗannan zaruruwan ɗaya bayan ɗaya yana juya kan ba, ya bar rabin aikin. Mafi yawan abin da ake kira dawowar ciwo a watannin farko, sauran zaren da ba a saki ba ne tun asali. Aikin duka yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya da rabi, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, ba kasafai ake buƙatar ƙarin jini ba.

Ana jin labarin aiki da na'urar leƙe ta ƙaramar kafa, da allurar Botox. Na farkon yana rage tabo, amma yana buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da ba ko'ina ake samu ba. Allurar kuwa tana sassauta tsoka mai rai ne, ba ta da tasiri a kan naman da ya riga ya zama tabo, saboda haka ga matashi ɓarnar kuɗi ce.

Abin da kan lalace, da dalilinsa

Haɗarin yankan sama jijiyoyin saƙo ne guda uku. Akwai wadda ke motsa tsokar ɗaga kafaɗa, tana shiga tsokar wuyan 'yan santimita kaɗan ƙasa da ƙashin bayan kunne. In aka sauko da yankan ƙasa da yawa aka taɓa ta, kafaɗa za ta zube, ɗaga hannu sama da kai ya yi wuya. Akwai jijiyar fuska da ke fitowa ta gaban wannan ƙashin, wadda in ta ji rauni baki zai karkace. Akwai kuma ta jin taɓi a kunne, ita ce aka fi taɓawa, sakamakonta dindiris ne a leɓatun kunne wanda yawanci yake raguwa cikin watanni. Kariyar duka ukun ɗaya ce: a tsaya a jikin ƙashi, a yanka abin da ido ke gani kawai. A ƙasa kuma abin tsoro jijiyoyin jini ne, da taruwar jini ƙarƙashin fata a daren farko. Wuyan da ke kumbura da sauri, ko numfashi mai ƙara, abin kiran likita ne nan take, ba a jiran zagayen safe.

Tabo ya cancanci a tsaya a kansa, domin baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tasowa, kuma gindin wuya da saman ƙirji da bayan kunne suna cikin wuraren da ya fi so. Kafin aiki a duba jikin yaron: wurin hujin kunne, wurin allurar rigakafi a dantse, tsagar wanzami in akwai. In waɗannan sun taso sun yi kauri, a faɗa wa iyaye gaskiya, a shirya. Ɗinkin ya zama na ƙarƙashin fata, a ɗinke siririyar tsokar fata daban don kada fatar ta manne da ciki ta yi rami. Bayan ciwon ya rufe, wajen mako 2 zuwa 3, a fara man silikon ko fallensa na tsawon wata 3 ko fiye. In tabon ya fara ƙaiƙayi yana tasowa, allurar sitiroyid a cikinsa da wuri ta fi jira. Asibitin da bai tada maganar tabo ba sam, mun rage masa maki.

Wani abin da ke tsorata iyaye shi ne yaron ya farka ya ce duniya ta karkace, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko jiri. Idonsa da ƙwaƙwalwarsa sun shekara da shekaru suna ɗaukar karkace a matsayin daidai. Wannan yakan wuce cikin kwanaki ko makonni. Amma shi ne dalilin da ya sa yaron da aka saki tsokarsa tsaf zai iya ci gaba da karkata kai: a jikinsa, miƙewar ce take masa kamar karkacewa.

Watannin bayan tiyata

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne hidimar ta fi rauni a wurare da dama. Gibin da aka bari tsakanin bakunan tsoka sabon tabo ne zai cike shi. In kan yana miƙe lokacin da tabon ke ƙulluwa, zai ƙullu da tsawo. In yaron ya koma kwanciyarsa ta da saboda zafi, zai ƙullu a gajarce, a koma gidan jiya.

Wasu likitocin suna sa jan wuya a gado na 'yan kwanaki zuwa mako biyu, da maɗauri ƙarƙashin haɓa da ƙeya da nauyin kilo 1 zuwa 2. Wasu suna wucewa kai tsaye zuwa kwala. Duka biyun suna aiki. Abin da ba ya aiki shi ne kwalar soso mai laushi da ake saya a kemis, a ce ita ce za ta riƙe wuyan ɗan shekara 14. Ana buƙatar mai tauri, wadda aka auna a jikin yaron, gefen da aka yi wa aiki ya fi tudu, ta yadda kan zai ɗan zarce tsakiya zuwa ɗaya gefen. Tsarin da aka saba shi ne dare da rana na mako 6 zuwa wata 3, ana cirewa don wanka da motsa jiki kawai, sannan a koma dare kaɗai na wasu watanni.

Gashi yana farawa cikin makon farko, da zarar zafi ya lafa, kuma a ba da maganin zafi kamar rabin awa kafin a fara. Ga wanda aka yi wa dama: wani ya danne kafaɗar dama, a kwantar da kunnen hagu wajen kafaɗar hagu, a riƙe daƙiƙa 15 zuwa 30. Sannan a juya haɓa zuwa kafaɗar dama, a riƙe haka. Sau 10 kowanne, sau 3 ko 4 a yini. Danne kafaɗar shi ne abin da ake yawan mantawa. In ba a danne ba, yaron zai ɗaga ta ya biyo kan, a ga kamar ana aiki alhali tsokar ba ta miƙe ko kaɗan ba. Sai madubi: a ja layi a tsaye a tsakiyarsa da wani a kwance, yaron ya zauna ya daidaita hancinsa da na tsaye, idanunsa da na kwance, minti 10 safe da yamma. Da wannan ƙwaƙwalwa take koyon sabon daidai. Matashin da ya fahimci abin da ake nema yakan fi ƙaramin yaro ba da haɗin kai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa sakamakon manya bai yi ƙasa yadda ake zato ba.

Mutanen karkara ba za su iya zuwa sashen gashi sau uku a mako ba, wannan gaskiya ce. Mafita ita ce kada a sallami yaro sai mutum biyu daga gidan sun yi motsin da hannunsu a gaban ma'aikacin gashi ya gamsu, a kuma ɗauki bidiyon a waya. Ɗaukar kaya a ka, ko tulu ko farantin talla ko itace, a dakatar aƙalla wata 3, haka ƙwallo da kokawa. Lokacin aikin ma a zaɓe shi da tunani. Kwala mai tauri a zafin Maris zuwa Mayu tana kawo ƙuraje da gyambo a haɓa da ƙashin wuya, yaro ya cire ta a ɓoye. Lokacin sanyi ko dogon hutun makaranta ya fi. A sa auduga ko yankin farar riga mai laushi a ciki, a canza kullum, a duba fata safe da dare.

Maganar fuska

Wannan ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma a nan ake yawan yi musu alkawarin da ba zai cika ba. A gefen da ya kamu fuska takan gajarta, ido da kunne su ɗan sauka, ƙeyar ɗaya gefen ta baje. Ƙashin fuska yana gyara kansa ne gwargwadon girman da ya rage masa. Ɗan shekara 3 ko 5 zai samu gyara mai yawa cikin shekaru. Ɗan shekara 10 zai samu wani abu. Budurwa 'yar 17 kuwa ƙashinta ya kusa tsayawa, abin da za ta samu shi ne miƙaƙƙen kai, kafaɗu daidai, waiwaye, da ɗan daidaituwar naman fuska. A makonnin farko ma bambancin fuskar yakan fi fitowa, domin karkacewar da ke ɓoye shi ta tafi. Duk da haka muna ganin aikin ya cancanta ko a wannan shekarun, saboda wuyan da aka bari yana ci gaba da jan ƙashin baya ya lanƙwasa don ya rama, ciwon wuya da na kai kuma suna ƙaruwa da shekaru.

Wurin zuwa shi ne inda likitan ƙashi ko na tiyatar yara, da ƙwararren mai sa yara barci, da sashen gashi, da masu haɗa kwala suke a ƙarƙashin rufi ɗaya. A Nijeriya wannan na nufin asibitocin ƙashi na tarayya, irin na Dala a Kano da ke aiki tun 1959, da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. A Nijar akwai manyan asibitocin Yamai, da asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010. Wajen kuɗi, a nemi a rubuto lissafin dalla-dalla, domin abin da ake faɗa da baki galibi na tiyata da gado ne kawai, ban da hotuna, kwala, zaman gashi, man tabo da kuɗin motar dawowa. A kuma tambayi ranakun dawowa tun kafin a biya: mako 2, mako 6, wata 3, wata 6, shekara ɗaya. Yaron da bai balaga ba a ci gaba da kawo shi sau ɗaya a shekara har ya gama tsawo, domin lokacin da ya yi saurin girma tabon cikin na iya kasa bin ƙashi, karkacewar ta fara dawowa a hankali, kuma in an gan ta a digiri 10 gashi yakan iya tare ta ba sai an sake yanka ba.